Sufyanu Mai-guga, Mai Ajiyar Kakin 'Yan Mazan Jiya

Kafin jiragen Wara su tayar da inji a bakin ruwan Yelwa, Sufyanu Mai-guga ya riga ya hura gawayinsa. Daga masallaci yake zarcewa rumfarsa, ya kakkaɓe tokar jiya daga dutsen guga, ya zuba garwashi, ya kaɗa shi a iska har ya yi ja. Ba ya gwada zafi da yawu yadda wasu ke yi. Kusa da kumatu yake kai dutsen, ya ɗan saurara, sannan ya ɗora a kan tufa. Mutum ne mai ƙarancin magana da yawan tsaki. Ka kawo masa riga ka ce sauri kake yi, sai ya miƙo maka abarka, ya nuna maka shagon masu guga da lantarki, waɗanda su ma wutar suke jira. Duk da haka malaman makaranta da dillalan kifi da angwaye wurinsa suke layi, domin karin da Sufyanu ya ɗora wa wando sai an wanke yake sauka.

A wannan watan ya ce ya ajiye gugar kasuwa. Kafaɗa ta gaji, ganin ido ya ragu. Ya kamata a faɗi alherin mutum tun yana ji da kunnensa, ko da zai yi tsaki, kuma mun san zai yi.

Abin ya faro ne tun yana saurayi, lokacin da tsofaffin da suka je yaƙin Bama ke raye. Kowace shekara idan ranar tunawa da 'yan mazan jiya ta matso, a tsakiyar Janairu, sai su zaro kakinsu daga ƙasan adaka su kawo masa, ya wanke, ya sa sitaci, ya goge. Bayansu na yaƙin basasa suka biyo, sannan na Laberiya da Saliyo. Shi ne ya fi kowa sanin yadda tsufa ke cin mutum, don duk shekara sai ya matsar da maɓallin wando ciki kaɗan, ba tare da ya faɗa wa mai wandon ba. Tsoho ya sa ya ji ya zauna masa daram, ya bugi ƙirji ya ce har yanzu yana nan yadda yake. Sufyanu ya ce, "Awo, Saje, kana nan."

Idan ɗayansu ya rasu, magada kan raba riguna da huluna da takalma, amma kaki ba ya rabuwa. Ba mai sa shi zuwa Juma'a, ba mai zuwa gona da shi, ba kuma mai ƙarfin halin jefar da shi. Sai a naɗe a kai wa Sufyanu, a ce ya yi yadda ya ga dama. Abin da ya ga dama shi ne ya sayi adaka da kafur. Da ta cika ya sayi wata. Sau ɗaya a shekara yake fito da su duka, na rayayyu da na matattu, ya wanke ya shanya a bayan gida, don a cewarsa tufar da ba ta shan iska asu ne ke gadonta. Matarsa Kulu takan ce, "Malam, matattun ga sun hi ni wuri cikin ɗakin ga." Shi kuma ya ce, "Su ba su da surutu."

Kai ne wanda bai taɓa riƙe bindiga ba, Sufyanu, amma rundunar da ke ɗakinka ta fi ta wani bariki tsafta. Ba wanda ya ɗauke ka aikin, ba wanda ya taɓa tambayar ka nawa sabulu yake.

Shi kuwa bikin na hukuma, kowa ya san yadda yake. A kafa rumfuna, a jera kujeru, a kawo lemo kwali-kwali, a aza zoben furanni, a saki fararen tantabaru, waɗanda kafin manyan baƙi su gama tafi sun koma gidan mai su suna jiran baɗi a sake sayensu. Duk shekara sai an yi gardama a majalisun shayi: wasu su ce ɓarnar dukiyar jama'a ce, wasu su ce al'ummar da ta manta waɗanda suka mutu dominta ba ta da kunya. A yi ta har shayi ya huce, baɗi a sake.

Shekarar da jirgin 'yan kasuwa ya kife a tafki, gardamar ta daina zama ta shayi. Hajiya Zulai'atu, wadda ke shugabantar kwamitin shirya bikin, ta miƙe a taro ta ce, "Wanda yam mutu ya mutu, Allah shi jiƙan shi. Waɗanda za su hau jirgi gobe hwa? Furannin ga ba su taɓa hidda kowa daga ruwa ba." Ta nemi a ɗauki kuɗin bikin kaf a sayi rigunan da ke hana nutsewa, a raba wa masu jirage. Aka amince. Maganarta gaskiya ce, kuma Sufyanu, wanda ya taya wankan wasu daga cikin gawarwakin, bai ga laifinta ba.

Sai dai akwai Kofur Ishaya. Tsoho ne daga wani ƙauyen Ngaski, shi kaɗai ya rage cikin waɗanda suka tafi yaƙin basasa daga yankinsu. Tare suka tafi da abokinsa Bilyaminu, ɗan Musulmi da ɗan Kirista, kwano ɗaya, rami ɗaya. A wani ƙetaren kogi aka harbi Bilyaminu, ruwa ya tafi da shi, ba gawa ba kabari. Rigarsa ta canji kawai Ishaya ya dawo wa mahaifiyar Bilyaminu da ita, ya kuma yi mata alkawari cewa muddin yana iya tsayuwa, duk shekara zai sa kaki ya sara wa ɗanta a bainar jama'a. Da tsohuwar ta rasu, rigar ta shiga adakar Sufyanu. Ishaya bai taɓa fashin shekara ba. A waccan shekarar kuwa ciwon ƙirji ya kwantar da shi tun kaka, ya sa a ransa cewa wannan ce ta ƙarshe.

Ana gobe ranar ya sauka daga jirgi da sanda, yana hutawa a hanya, ya zo karɓar kakinsa.

"Sufyanu, wai da gaske na an soke?"

"Da gaske na, Kofur."

Tsohon ya zauna a kan benci, ya daɗe yana kallon kakin da ke rataye, a goge, kari kamar bakin wuƙa. "Ni ban ce a yi rumhwa ba. Lemon nan ma zaƙi garai, ba ni sha. Amma in ba taro, wa zan sara ma? Hili? Sai yara su ce tsoho ya taɓu."

Tausayi ya kama Sufyanu, kuma shi mutum ne da tausayi ke fito masa a matsayin faɗa. Ya yi tsaki, ya ce, "Biki anka soke, ba a soke wankina ba. Ka kwana gidana. Gobe ka sa kayanka ka iske ni bakin ruwa."

Da gari ya waye ya ɗauki hayar amalanke, ya kwashe adakun duka. Bai nufi bayan gida ba. A bakin ruwa, inda masunta ke kafa sanduna su shanya taru, ya roƙi aron wuri, ya ɗaura igiyoyi sahu-sahu. Ya wanke rigunan a ruwan tafki, ya rataye su bisa tsari: na Bama a gaba da gajerun wandunansu, na basasa a bayansu, sannan na baya-bayan nan, har da sababbi guda biyu na samarin da aka binne a yaƙin arewa maso gabas, waɗanda launinsu bai ko koɗe ba. Iska ta taso daga ruwa ta cika rigunan, hannuwansu suka fara motsi.

Ashe a safiyar nan ce ake rabon rigunan ruwa a mashiga, don haka jama'a sun cika wurin. Da farko dariya aka yi, wani ya ce Mai-guga ya buɗe gwanjo. Sai wata mai tuyar kifi, Hauwa, ta ajiye matsaminta ta nufi sahu na uku. Ta kama gefen wata riga, ta duba facin da ke ƙasan aljihu, ta ce, "Ni na ɗunke wanga, daren da za shi tahi." Ba ta yi kuka da ƙarfi ba, ta dai tsaya riƙe da rigar. Dariya ta ɗauke. Mutane suka fara shiga tsakanin igiyoyin, wannan ya ce ga ta kakansa, wancan ya aika gida a kira innarsa.

Cikin haka Kofur Ishaya ya iso, sitaci na ƙara a jikinsa. Ya bi sahu har gaban rigar Bilyaminu. Ya miƙa wa Sufyanu sandarsa, ya haɗa ƙafa, ya ƙame, ya sara. Ya daɗe bai sauke hannun ba. Masu jirage suka kashe inji ba wanda ya umarce su. Wani liman da ya zo jiran jirgi ya ɗaga hannu aka yi wa mamatan addu'a, Ishaya ya sunkuyar da kai ya yi tasa.

Hajiya Zulai'atu na tsaye a gefe da rigar ruwa a hannu. Da aka watse ta matso wurin Sufyanu ta ce, "Baba, mi wanga ya ci?"

"Sabulu, sitaci, gawayi. Sai kuɗin jirgin tsohhi, shi ka hana wasu zuwa."

"Wanga kam muna iyawa," in ji ta, "kuma ba sai mun taɓa kuɗin riguna ba."

Da Ishaya zai hau jirgin komawa, ta miƙa masa rigar ruwa. Ya ƙi ƙememe, wai za ta ɓata masa kari. Sufyanu ne ya karɓa ya zura masa a kan kakin, ya ɗaure igiyar tam. "Sa abinka, Kofur. Kari ina iya sake shi. Kai ba ni iya sake ka."

Tun daga shekarar haka ake yi. Ba rumfa, ba tantabaru, mai tantabarun ma har yau ba ya gaisawa da Sufyanu da daɗin rai. Kwamiti kan sayi sabulu, ya ɗauko tsofaffi da matan mamata daga Shanga da Ngaski da tsibirai, saura ya tafi ga abin da zai tsare rayayyu. Masu gardamar shayi ba su daina ba, amma yanzu idan aka tambayi ko kuɗin tunawa da 'yan mazan jiya na da amfani, akan ce ya danganta da abin da aka saya: kujerar babban baƙo, ko kujerar jirgin da ke ɗauko matar mamaci.

Mun gode, Sufyanu. Allah ya saka maka da alheri, ya sassauta maka kafaɗar nan, ya ba Kulu haƙurin zama da rundunarka. Ku kuma da ke da kakin uba ko na miji a ƙasan akwati, ku fito da shi ya sha iska, ku gaya wa yara sunan mai shi. Masu ƙarfin damtse su je su taya Sufyanu ɗaukar adaka, don ya ce gugar kasuwa ya bari, ta kaki kuwa sai ranar da aka ɗauke shi.

Kofur Ishaya dai yana nan. Duk shekara sai ya ce wannan ce ta ƙarshe, duk shekara sai ga shi da sanda. A bana, bayan ya sauke hannu, ya lura da wani gurbi a igiya, dab da rigar Bilyaminu, faɗin riga ɗaya, ba a rataya komai ba. Ya nuna da baki ya ce, "Nan hwa? Ka mance wata?"

"Ban mance ba," in ji Sufyanu, yana miƙa masa sandarsa. "Wurinka na. Amma ba sauri muka yi ba."

Tsohon ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Sannan ya matsa, ya tsaya cikin gurbin, kafaɗa da kafaɗa da rigar abokinsa, ya ce, "Daidai ni."