Jan babur ɗin da Baba ya kai a sa wa albarka

Shekarar da maigidana ya sayar da shanun nomansa ya buɗe shagon babura a jikin gidanmu a Karaye, dangina suka yanke cewa na auri attajiri. Wanda ya wuce ya ga sababbin babura a jere cikin leda, kuɗinsu yake lissafawa, ba ya tambayar nawa ne na mai shago a ciki. Ni da nake tuƙa tuwon gidan na san abin da ke shigowa. A kwali babur yake zuwa daga Kano. A biya motar da ta ɗauko, a biya masu saukewa, a biya makanikin da zai haɗa, ga masu haraji, ga dillalin da ya rako mai saye yana jiran la'ada don kawai ya ce, "Wannan mai kyau ne." Abin da ya rage a kan babur guda, in ya yi mana cefanen mako, mun gode Allah. Kafin ka sayar da na shago kuma, kuɗin sari ya tashi. Haka jarin ya yi ta zagwanyewa, har ya zama asara ɗaya ta isa ta rufe shagon.

Ana cikin haka mahaifina ya zo daga Rogo, ya sayar da gyaɗarsa. Ina zaure ina jin su. Maigidana ya tsugunna har ƙasa ya gaishe shi. Baba ya zaga, ya dafa wani ja.

"Wannan nake so, Malam. Amma ka san mu ba ma hawa abu sai tsohuwa ta dafa ta sa albarka. Bari in kai mata, gobe sai mu yi magana."

Tsohuwar ita ce kakata. Al'adar gaskiya ce, ko keke mutum ya saya sai ya kai mata. Sai dai kowa biya yake yi kafin ya kai.

"Ba komai, Baba," in ji maigidana.

Da ya shigo na tare shi. "Malam, ko ciniki ba a yi ba ka bar shi ya fita da shi?"

"Mahaifinki ne. In ce masa me?"

"Ka ce masa kuɗi hannu."

"To, ke ki faɗa masa."

Ni ma bakina ba zai iya ba. Kunyar suruki ta ɗaure shi, ta uba ta ɗaure ni.

Goben Baba ta daɗe ba ta zo ba. Muka ji an gan shi da babur a wajen ɗaurin aure a Rogo Ruma, muka ji ƙannena suna koyon tuƙi da shi a bayan gari. Ranar da ya dawo da shi, an yaye ledar tas, tayoyin duk laka, ga ƙwarzane a tanki. A wajenmu mutum kan yi shekara yana hawa babur da ledarsa don a san sabo ya saya. Wanda aka yaye wa leda kuwa sunansa na hannu, ko jiya ya fito daga kwali.

Sai a ranar Baba ya tambayi kuɗi. Maigidana ya faɗa masa yadda ya saro, ko sisi bai ɗora ba.

"Kai! Sabo ya fi ƙarfina. Ga kayanka, Allah ya kawo mai rabo."

Maigidana ya ce amin. Wallahi amin ya ce.

Ranar kasuwar Rogo ya ba wani dillali babur ɗin, aka sayar a kuɗin na hannu. Asarar da ya yi ta cinye ribar damina guda. Mai ba da sari a Kano kuwa bai san suruki ba. Maigidana ya karyar da sauran baburan, ya rufe shago, ya koma haɗa wa wasu masu sayar da babura nasu, ana sallamarsa da yamma.

Bayan sallah muka ji tsayuwar babur a ƙofar gida. Baba ne, a kan jan babur ɗin. Ashe dillalin abokinsa ne, shi ya sayar masa.

"Na ga bai kamata ya bar gida ba, tunda tsohuwa ta riga ta sa masa albarka," in ji Baba. "Ka ga kuma na samu sauƙi."

"Allah ya tsare, Baba."

"Amin. Sarƙar tana ƙara, ɗan duba min ita."

Maigidana ya ɗauko sifana, ya durƙusa a gaban rufaffen shagonsa yana ɗaure sarƙa. Ban taɓa jin haushin mahaifina kamar ranar ba, har yau kuma bai fita daga raina ba. Na shiga na dama masa fura, na kai da hannu biyu. Ya shanye, ya ce in riƙa ba mijina shawara, don kasuwa ba ta son mai sanyin hali.