Ranar da na ƙara wa na'urar bakin get sauri

Shekarun baya, lokacin ban daɗe da fara aikin rubuta manhaja ba, wani ƙaramin kamfani a Ikeja ya ɗauke ni. Daga gidanmu a Agege nake shiga danfo, wato bas ɗin haya, kullum da safe. Aikin farko da aka sakar mini gaba ɗaya shi ne na wata ma'ajiyar kaya a Ogba. Mun ɗaura kyamara a bakin get, da ƙaramar kwamfuta a ɗakin maigadi, duk motar da ta fita kwamfutar ta karanta lambarta ta rubuta.

Maigadin wurin dattijo ne, mutumin Nijar, abokin mahaifina. Sahu ɗaya suke sallah tun ina yaro. Baba nake ce masa.

Na'urar ta yi watanni tana aiki lafiya, ba wanda ya kawo ƙara. Ni ne dai zama ya ishe ni. Akwai abin da muke kira kwamfaila, wato manhajar da ke juya rubutunmu zuwa yaren da injin ke ganewa. Sabuwa ta fito, na karanta cewa tana iya sa injin ya ɗebi lambobi huɗu a tashi ɗaya maimakon ɗaya bayan ɗaya. Na kunna mata wannan damar, na gwada a laftof ɗina da wasu hotunan motoci, na ga komai ya tafi daidai. Na tura wa kwamfutar Ogba, na rubuta a rahoton mako cewa na ƙara sauri. Har ja wa kalmar layi na yi.

Bayan kamar mako biyu manajan ma'ajiyar ya kira ni ofishinsa. Ya ce motocin da ake lodawa a ciki sun fi waɗanda kwamfuta ke nuna sun fita ta get. Kullum sai an rasa 'yan kaɗan, kuma da safe ne.

Ya ce, "Abu ɗaya zan tambaye ka. Na'urar nan taka tana iya tsallake mota?"

Na ce, "A'a, oga. Kwanan nan ma na ƙara mata sauri."

Ya gyaɗa kai ya sallame ni. Ban tambaye shi me zai yi da amsar ba. Washegari aka dakatar da Baba, bisa zargin yana kare kyamara ko yana fitar da wasu motocin ta ƙofar baya. A bakin get aka karɓi makullai daga hannunsa, direbobi suna layi suna kallo. A gida na ji labarin, wajen mahaifina, wanda bai ce komai ba sai, "Ba halinsa ba ne." Ni kuwa a raina na ce mutum ai ba a shaidarsa. Haka na ci tuwona.

Aka kawo sabon maigadi, motoci suka ci gaba da ɓacewa. Manaja ya fara cewa masu gadin duk bakinsu ɗaya. Shugabana a kamfani bai gamsu ba, sai ya haɗa ni da wata abokiyar aikina, Bayarabiya da ta girme ni a sana'ar, ya ce mu je mu gani da idonmu.

Ƙarfe bakwai na safe muna ɗakin maigadi. In mota ɗaya ce ta fito a hankali, kwamfuta na kama lambarta. In uku suka biyo juna, hoton sai ya riƙa tsalle, ta tsakiya ta wuce ba a gan ta ba. Na ce zafi ne ya yi wa injin yawa. Abokiyar aikina ta taɓa shi, ta ce da sanyinsa. Na ce to kyamarar ce. Ta ce, "Me ka canja kwanan nan?"

Na ce ban canja komai ba, sai dai abin da ya ƙara sauri.

Ta ce, "Ka auna?"

Na ce na gwada a laftof.

"Ban ce ka gwada ba. A kan wannan injin, ka auna?"

Muka mayar da tsohuwar manhajar, hoto ya daidaita nan take. Muka sa sabuwar, ya koma tsalle. Sau uku ta sa na yi haka, ina jin don kada in sami wurin fakewa.

Gano dalilin ya ci mana yini guda a ofis. Ta buɗe ainihin umarnin da kwamfailar ta rubuta wa injin, muka bi layi-layi har muka iso wani ɗan wuri da ake maimaitawa a kan kowane ɗigo na kowane hoto. A wurin nan, manhajata tana ajiye ƙananan lambobi huɗu, ɗaya bayan ɗaya, sannan nan take ta karanta su. Ta yi mini bayani cewa abin da injin ya rubuta ba ya isa ma'adana nan da nan, yana ɗan jira a hanya. In ka nemi abin da ka rubuta yanzu, kuma daidai girman da ka rubuta shi, injin zai miƙo maka daga hanyar ba jira. Wannan suke kira store forwarding. Da can haka muke, a rubuta ƙarami a karanta ƙarami. Sabuwar kwamfailar sai ta bar rubutun a rarrabe, ta haɗe karatun ya zama babba guda ɗaya. Injin kuwa ba ya iya tattaro guntaye huɗu daga hanya ya miƙa a dunƙule. Dole ya tsaya sai duk sun sauka. Jiran bai kai ƙiftawar ido ba, amma a kowane ɗigo ake yin sa. Laftof ɗina mai ƙarfi ne, kuma hotuna marasa motsi na ba shi, shi ya sa ban ga komai ba.

Gyaran layi biyar ne. Muka sa rubutun ma ya zama a dunƙule, muka auna a injin Ogba, ya fi na da sauri da gaske.

Na je na faɗa wa manaja. Ya ce ba damuwa, a ce wa tsohon ya dawo ranar Litinin.

Na sami Baba da la'asar a shagon ƙaninsa kusa da titin jirgi. Na tsuguna na gaishe shi, na kwashe bayanin nan duka na yi masa, har da lambobi huɗun. Ya saurara bai katse ni ba.

Ya ce, "Ɗana, ban gane ko ɗaya ba. Amma ka faɗa wa oga cewa ba ni ba ne?"

Na ce na faɗa.

"A ofis?"

Na ce e.

Ya ce, "Ni a bakin get aka karɓi makullaina."

Ranar Litinin na riga shi zuwa. Da motoci suka yi layi, na bi su taga-taga ina faɗa da Turancin buroka da Yarabanci cewa na'urata ce ta yi kuskure, maigadi bai yi komai ba. Wasu suka ce sun sani tuntuni. Wani ya tambaye ni wane maigadin. Na baya suna ta danna hon. Baba yana tsaye riƙe da ƙarfen get, bai dube ni ba har na gama, sannan ya ɗaga wa motar farko.

Ya yi shekara biyu a wurin kafin ya koma gida Nijar. Tsakaninmu gaisuwa ba ta canja ba, bai kuma sake tayar da maganar ba.

A sana'a dai darasin a fili yake, duk abin da zan ce ya fi sauri sai na auna shi a injin da zai yi aikin. Wannan kowa na koya. Abin da ya ɗauke ni lokaci shi ne gane cewa yawancin masu tambayata ko kwamfuta na kuskure ba kwamfutar ce ta dame su ba, akwai mutumin da suke shirin yanke wa hukunci. Yanzu in aka yi mini irin tambayar, kafin in amsa nakan ce, "Wa ake zargi?"