Mai Agogo da Maɓallin Mota

Shekara arba'in da ɗaya ya yi yana gyaran agogo a wata 'yar rumfa kusa da gidan waya, har sunansa ya ɓace, kowa sai Mai Agogo. Mutum ne mai tsabtar aiki, ga taurin kan tsiya. Farin ƙyalle yake shimfiɗawa a kan tebur, duk abin da ya kwance ya jera shi daga hagu zuwa dama, in zai mayar ya faro daga dama. Ba wanda ya isa ya sa masa hannu a aiki, har matarsa, wadda in ta kai masa abinci sai dai ta ajiye a ƙasa ta juya.

Da wayar hannu ta kashe kasuwar agogo, ya rufe rumfar, ya ce wa mutane ciniki ne babu. Gaskiya ne, amma rabinta. Hannunsa na dama ya soma rawa, wannan kuwa bai faɗa wa kowa ba.

Abin da ya rage masa mota ce, irin wadda ake tayarwa da maɓalli. Da ita yake kai matarsa wankin ƙoda, Litinin da Alhamis. Babban ɗansu ya daɗe yana damunsa: "Baba, tuƙin nan ya isa haka. Ka bari in riƙa zuwa ina kai ku." Mai Agogo ya san in motar ta bar ƙofar gidan, ko da sunan gyara ne, yaron ba zai bari ta dawo ba.

Ranar Asabar da safe ya danna maɓallin, ya shige ciki ya ƙi fitowa, motar kuma ko tari ba ta yi ba. Bai kira bakanike ba, don bakaniken abokin ɗansa ne, kuma bakinsa ba ya riƙe magana. Ya buɗe bonet ya cire kan batir. Ya naɗe bakin sukundireba da tsumma, ya ɓamɓare robar da ke gefen sitiyari a hankali. Ya matse 'yan kunnuwan da ke riƙe da maɓallin ta baya, ya turo shi waje, ya zare soket ɗin. Komai ya jera a kan farin ƙyalle a kujerar gefe. Ya ɗauki mataccen maɓallin ya tafi wurin masu kayan mota, ya sa mai shagon ya sauko da kwali biyar kafin ya yarda da ɗaya.

Da ya dawo ya ɗaga sabon a rana, idon mai agogo ya ga abin da mai shago bai gani ba: ɗaya daga cikin siraran haƙoran da ke shiga soket ya ɗan lanƙwashe. Aikin minti ɗaya ne. Ya ɗauko tsohon hantsakinsa, ya gyara tabarau, ya kai hannu. Bakin hantsakin ya yi ta kaɗawa, ya wuce haƙorin ta nan, ya wuce ta can. Ya dafe gwiwar hannu a cinya, ya riƙe numfashi, duk a banza. Sau tara yana gwadawa. Kunya ta kama shi, shi kaɗai a cikin mota.

Matarsa ta fito tana dafa bango, ta buɗe ƙofar gefe, ta ɗage ƙyallen da kayansa ta zauna.

"Malam, kawo."

"Ke me kika sani a nan?"

"Zare nake sawa a allura tun kafin ka aure ni. Nuna mini wanne ne."

Ya miƙa mata hantsakin da maɓallin. "Na uku daga hagu. Kama shi ta gindi. A hankali, kada ki karya. Ƙara kaɗan. Tsaya."

Haƙorin ya miƙe. Ita ta tura soket ɗin har ya ce ƙas. Ya mayar da maɓallin da robar, ya ɗaura kan batir, ya dawo ya taka birki ya danna. Motar ta tashi lafiya lau.

Ya ɗora hannu a kan sitiyari, hannun yana ta abinsa, su biyun suna kallo. Ya tuna titin asibiti da manyan motocinsa, da ita a zaune a gefensa, sai tsoro ya shige shi.

"Tun yaushe kika sani?"

"Tun kana rumfa," ta ce. "Kada ka damu, ba zan faɗa wa yaron nan ba."

Mai Agogo ya danna maɓallin, motar ta mutu.

"Ba ni wayarki," ya ce. "Ni zan faɗa masa."