Goyon da Kubura ta sauke a bakin tafki

Wata rana wata mata mai suna Kubura ta bi mijinta Sagir da 'ya'yansu biyu yawon shan iska a wani tafki a Abuja.

Asabar ce. An zo da kular shinkafa, an zo da zoɓo mai sanyi.

A wurin akwai wani faffaɗan allo da ake hawa a kan ruwa. Mutum ya tsaya ko ya durƙusa a kai, ya riƙa tuƙawa da filafili.

Nusaiba, 'yar shekara bakwai, tun a mota take ɗokin hawa. Ƙaninta Mu'azzam kuwa shekararsa biyu, yana inda ya saba: bayan uwarsa.

Bakwaini aka haife shi, sati biyar ya yi a kwalba a asibiti. Tun daga nan Kubura ba ta ƙara yarda da hannun kowa ba. Kasuwa da shi, biki da shi, har girki. Dangin miji tsiya suke mata, wai a bayanta zai gama jami'a.

Ko a jikinta.

Mai kula da wurin, wani dattijo mutumin Yauri da ake kira Malam Tanimu, ya raba musu rigunan da ke hana mutum nutsewa, har da 'yar ƙarama ta Mu'azzam.

Kubura ta sa tata, ta sa wa yaron tasa. Sai ta sunkuya ta saɓa shi a baya, ta ɗaure da zane, ta ƙara da majanyi. Ƙulli biyu ta yi.

Ta nufi allo.

Dattijon ya sha gabanta.

“Hajiya, sauke yaron nan.”

“Haba Baba, ai nan ya fi tsira. Ko na faɗa, muna tare.”

“Shi ne abin tsoron. Rigar nan rigingine take juya mutum, fuskarsa ta kalli sama. Ke kin samu iska. Shi fa, yana ina?”



Ranta ya ɓaci, ba kaɗan ba. Wani baƙo ne zai koya mata riƙon ɗanta? Ta dubi Sagir, shi kuwa ya shiga gyaran igiyar rigarsa, wadda ba abin da ya same ta.

Ta kwance ƙullin.

Aka zaunar da Mu'azzam tsakanin gwiwoyin babansa a kan allo ɗaya. Ita kuma ta hau wani allon, Nusaiba na zaune a gabanta.

Sun ɗan yi nisa, har ta samu ƙarfin halin miƙewa tsaye. Amma idonta ba ya kan ruwa, yana kan Mu'azzam. Wani jirgi mai inji ya wuce can gefe, igiyar ruwan da ya tayar ta daki allon.

Tsundum!

Nusaiba ta riƙe allo gam, ba ta faɗa ba. Kubura ce kaɗai a ruwa.

Rigar ta yi abin da dattijon ya faɗa. Ta juya ta rigingine. Ga sararin sama, ga iska tana shaƙa, bayanta duka a cikin ruwa.

Ba ta san lokacin da hannunta ya tafi baya yana lalube ba.

Babu kowa.

Can ta jiyo wata 'yar murya tana ƙyalƙyala dariya: “Mama wanka! Mama wanka!”

Kafin Malam Tanimu ya iso da kwalekwale ya ciro ta, an yi kusan minti uku. Tawul kawai ya miƙa mata.

A bakin ruwa ta tarar da zanen goyon a kan benci, inda ta jefar da shi cikin fushi.

A bushe yake.

Ta ɗauka ta rufe fuska da shi. Sai a lokacin kuka ya zo mata.

Darasi: Ba kowane riƙo ne kariya ba. Abin da ya tsare ɗanka a tudu yana iya danne shi a ruwa. Idan wanda ya san wuri ya ce ka sassauta hannu, ka saurara, ko da zuciyarka ba ta so.

Ka tura wa duk uwar da ka san tana son ɗanta irin son da Kubura ke yi wa nata.