Dunduniyar Odessa

Cleophus Tarver ya ƙarar da ƙarfinsa yana tuƙa bas a titunan Harlem, amma in ka yi cigiyarsa a unguwar ba mai ce maka direba ne. Cewa za a yi, "Au, mijin Odessa, mai rawar nan?" Tun da ƙuruciya su biyun suke rawar suwin, irin wadda namiji da mace suke yi hannu da hannu, ya cilla ta can, ta juyo ta faɗo hannunsa tana dariya. A filin rawa suka haɗu, kuma ko faɗa suka kwana da shi, da zarar an buga ganga an busa ƙaho sai a nemi fushin a rasa.

Sai ƙugu ya ci amanarsa. Likitoci suka yi masa aiki, suka miƙa masa sanda, ya karɓa ya haƙura. Abin da ya kasa haƙura da shi Odessa ce. Ƙafarta garau take, amma tun da ya daina rawa ita ma ta jefa takalmanta na rawa ƙarƙashin gado. Duk Lahadi bayan an tashi daga coci, in aka janye kujeru a ɗakin taro na ƙarƙashin cocin aka share filin rawa, sai ta nemi wuri kusa da teburin soyayyen kifi da burodin masara, ta rungume jakarta a cinya. Maza su miƙo hannu, ta ce, "Na gode, ɗan'uwa, yau ƙafar ba daɗi." Ƙarya take yi, ya sani sarai, kuma abin yana cinsa a rai, don gani yake shi ne ya zaunar da ita.

Shi ya sa ya je ya sami Verdell, matar da ta daɗe tana saka kiɗa a wurin, ya ce ta koya masa. A ransa ya ƙudura, in hannu ya kasa tayar da Odessa, to kiɗa ya gwada.

Ranar farko ya zauna gaban kwamfutar da ake saka kiɗan da ita, ya jero kiɗe-kiɗen zamaninsa masu gudu kamar ana bin su da bulala. Shi dai ya lumshe ido yana can cikin shekarun da. Da ya buɗe, fili wayam, tsofaffi sun zube kan kujeru suna fifita da takardun coci.

"Ɗan'uwa Cleophus," in ji Verdell, "mu aka aiko ka ka ƙarasa? Wa kake sa wa wannan?"

"Ai da shi muke yi a da."

"To mutanen wancan zamanin ba su zo ba, na yau ne a gabanka." Ta jawo kujera. "Abu biyu zan gaya maka. Kar ka kuskura ka bar shiru tsakanin kiɗa da kiɗa, don da an yi shiru kowa zai tuna da gwiwarsa da farantinsa. Sannan ka daina kallon masu rawa, su sun riga sun shigo hannu. Na zaune za ka sa wa ido, kuma ƙasa za ka duba, ba fuska ba. Mutum ya ce maka a'a da baki, dunduniya tana can tana tona masa asiri. Saurin da take so, shi za ka ba ta."

Daga nan ya zama mai gadin dunduniya ɗaya. Tagogin ɗakin suna can sama daidai da titi, hasken la'asar yana gangarowa ta ciki ya kwanta a kan katako, inuwar masu wucewa tana gittawa. Cikin wannan haske yakan hango wani saurayi da wata budurwa suna juyawa, shi da Odessa a ƙuruciyarsu, ba mai ganinsu sai shi. Ya sa mai sauri, ƙafar Odessa ko motsi. Ya sa mai sanyi, ta yi hamma. Lahadi ta bi Lahadi haka, har wata rana ya sa wani matsakaici, piyano yana tafiya yana yanga, ƙaho yana bin sa a baya ba gaggawa. A ƙarƙashin rufin tebur, dunduniyar ta ɗaga, ta sauka, ta sake ɗagawa. Ashe duk wannan lokaci yarinyar da yake cillawa yake nema, alhali matar da ke zaune tana da nata takun.

Lahadin da ta biyo ya shirya. Ya fara da abin da zai ɗumama jini, yana hawa a hankali, yana satar kallon ƙasan tebur. Da ya ga kafaɗa ma ta shiga, sai ya saki wannan kiɗan. Alphonso Pruitt, wani dogon dattijo mai takalmi fari da baƙi, ya tsaya gabanta ya miƙa hannu, don shi duk mako sai ya gwada sa'arsa. Odessa ta buɗe baki za ta faɗi maganar da ta saba, sai ta waiwayo ta dubi mijinta. Cleophus ya ɗan ƙara sautin kiɗan.

Ta ajiye jakar.

Da takalman coci ta shiga. Ta tafi, ta dawo, ta karya ƙugu yadda take yi tun asali, mutane suka ja baya suna tafi. Kishi ya soke shi, gaskiya ce, har ya ji kamar ya jefi Alphonso da sanda. Amma murna ta fi kishin yawa. Bai ma san hannunsa na hagu yana aiki a kan tebur ba, yana tura iska yana jawo ta, daidai inda Odessa take juyawa.

Kiɗa ya ƙare. Ɗaki ya yi tsit, har ana jin mai yana ƙara a kaskon kifi. Verdell ta dafe kai. Shi kuwa yana zaune, fuska jiƙe, bai ko taɓa kiɗa na gaba ba.

"Cleo!" Odessa ce daga tsakiyar fili, tana haki, hannunta bai bar na Alphonso ba. "Barci kake yi? Ka tayar da ni ka bar ni a tsaye? Sa mana wani, tsohon nan!"

Ya goge ido da bayan hannu yana laluben gilashinsa. "Wanne kike so?"

Ta buga dunduniya a katako, a fili, kowa yana ji. "Ga shi nan ina gaya maka."