Hannun Umma a Shagon Shasha

Tashi daga Harra ta Yamma

Muna idar da sallar asuba muka fita daga unguwarmu, ni da mahaifiyata Umma, 'yata Rukayya na tuƙi. Cikin gari za mu, amma Umma ta ce ita ba ta fara tafiya da rana a ka. Har da guzurin dabino da fulas na shayi.

Rukayya ce ke ɗaukar hotunan biki a ɓangaren mata, ta gyara su a kwamfuta. Shasharta, wato gilashin kwamfutar, ta tsufa tana nuna komai ruwan ɗorawa. Yarinya ta yi ta gyara launi har Umma ta fito shuɗiya a hotunan wani suna, dangi suka sha dariya. Umma ta rantse in ba a sake shasha ba, wata bare za a ɗauko ta ɗauki hotunan bikin ƙanwar Rukayya. Har kuka yarinyar ta yi.

Al-Sih

Muka isa unguwar Al-Sih, muka tarar da shaguna a rufe, sai kyanwoyi.

"Sitti, sai da na faɗa miki, sai hantsi suke buɗewa," in ji Rukayya, haka take kiran kakarta.

"To mun riga kowa. Zuba mini shayi."

A mota muka cinye guzurin tas, Umma ta yi barcinta.

Cikin shago

Mai shagon ɗan Cadi ne, Hausarsa rangaɗau. Rukayya ta ce tana son wadda ba ta ƙyalli, kuma launi ba ya sauyawa in an kalla ta gefe. Ya ce ta kawo hoto a gwada. Nan muka tsaya cirko-cirko: hotunan duk na mata ne ba lulluɓi, Umma kuma ta ce niƙabinta ba zai ɗagu ba.

"Ga hannu," in ji ta. "Shi ma shuɗi kika mai da shi."

Aka ɗauki hoton hannun da lallensa, aka saka a shasha duka. Umma ta riƙa bi tana kara nata a jikin kowacce. Wata mai sheƙi ta nuna shi jawur, sumul kamar na amarya.

"Halas, shi ke nan, wannan! Naɗe mana," in ji Umma.

"Hajiya, wannan ta wasan yara ce, ƙarya take yi," in ji mai shago.

"Ta yi ta yi, ɗan nan. Ni ta yi mini."

Rukayya ta dube ni, ido ya cika. Na ja Umma zuwa wadda yarinyar ke so, da ke can lungu. Ga hannun nan yadda yake, jijiyoyi, tamoji, lallen da ya fara koɗewa. Umma ta ƙura masa ido.

"Hannun Innata ne wannan," ta ce a hankali. "Haka yake sak, Allah ya jiƙanta. Ita za mu ɗauka."

Komawa

Kwalin ya ƙi shiga but, Umma ta rungume shi a kujerar baya, tana yi wa Rukayya faɗa a kowace kwana kada ta girgiza mata uwa. Kafin azahar muna gida lafiya, alhamdulillahi. Hotunan bikin kuwa, Rukayya ce za ta ɗauka.