Ranar da Mama Ta Karɓi Makirfo a Wuse

Ko tsufa ya kai ni inda zan riƙa rikita sunayen jikokina, ba na jin makon da muka yi bita a Wuse zai fita daga raina. Har yau in na tuna sai in ji zumuɗi ya taso mini kamar jiya aka yi.

Lokacin ina shugabantar wata 'yar ƙungiya a Masaka. Mu shida ne, duk mata, yawancinmu malaman firamare, muna ɗan tallafa wa zawarawa da matan da mazajensu ba su da aiki. Falona ne ofishinmu. Kwatsam sai ga saƙo a waya, wai an zaɓe mu cikin ƙungiyoyin da za a horar kan yaƙi da talauci a unguwannin da ke kewaye da Abuja, kuma ranar ƙarshe kowace ƙungiya za ta gabatar da shirinta, waɗanda suka yi fice a tsaya musu tsawon shekara. Guɗa na rangaɗa a tsakar gida har maƙwabta suka leƙo. Shirina kuwa yana nan a rubuce, wata uku ina gyara shi: a raba wa mata kekunan ɗinki. A ganina babu mai ja da wannan.

Mai horar da mu wata gajeriyar mata ce 'yar Filato, mai yawan dariya, kowa Madam yake ce mata. Rana ta biyu ta karɓi takardata ta karanta a tsaye, ta ɗago ta dube ni.

"Hajiya, takardan ka ya yi kyau," in ji ta da irin Hausarta. "Amma wa ya gaya maka suna son keke?"

Na ce, "Haba Madam, a cikinsu fa nake zaune. Na san halin da suke ciki."

"To gobe ka koma unguwan ka kamar baƙo. Ba fom, ba biro, ba alkawari. Ka zauna ka ji kawai."

Gaskiya raina ya sosu. Yanzu nakan yi wa kaina dariya, amma a ranar har na fara tunanin ko in daina zuwa bitar.

Washegari dai na bi umarni. Gidan farko da na shiga, me zan gani? Keken ɗinki a lungun ɗaki, an lulluɓe shi da tsohon zane, an jera tukwane a kai. Matar gidan ta ce wata ƙungiya ce ta ba ta bara. "Hajiya, wa zan ɗinka wa? Layin nan kaɗai tela nawa ne?" Ita shara take yi a wani ofis a cikin gari, kuma saboda gosulon hanyar Keffi dole ta fita da asuba. Ba ta da inda za ta bar ƙananan yaranta, shi ya sa ta cire babbar 'yarta daga makaranta take yi mata raino. Gida na biyu labarin ɗaya ne. A na uku ne wata mai sayar da kayan miya a kasuwar Wuse ta ce, "Ni kam Mama ce ta cece ni." Na ce wace Mama? Ta riƙe baki, tana mamakin ban sani ba.

Layi biyu kacal tsakanin gidana da wurin, amma ban taɓa takawa ba. Wata tsohuwa ce 'yar Gbagyi, a ƙarƙashin rumfar kwano, yara sun kewaye ta, wannan a goye, wancan yana riƙe da zanenta, wasu sun jeru a tabarma da kofunan kunu, tana yi musu waƙa suna amsawa. Shekaru tana haka, iyaye na kawo abin da ya sauwaƙa, mai garin masara, mai sabulu. Na gaishe ta na zauna, ban ankara ba aka ɗora mini jaririya a cinya.

"'Yata, jiya ma na maida uwa uku," Mama ta ce mini. "Ɗaya yana kuka. Hannu na biyu ne, ruwa ya zo kuma rumfa yana yoyo. Yaya zan yi?"

Daga nan kai tsaye na tara 'yan ƙungiyarmu, ina magana ina haki, na ce mu ajiye zancen keke. Mataimakiyata ta ce, "Aunty, kina da hankali kuwa? Aikin wata uku, saura kwana biyu, ki ce a yar? In muka faɗi fa?" Tana da gaskiya, irin wannan dama ba kullum take zuwa wa ƙungiyar falo ba. Muka yi ta ja, a ƙarshe na ce duk su biyo ni su gani da idonsu. Da muka je, mataimakiyar tawa ce ta fara share hawaye a bakin rumfa.

Da na ba Madam labari ranar Alhamis, tsalle ta yi ta rungume ni. Ta ce kada in ɓata lokaci wajen tsara Turanci, in kawo Mama ta faɗa da bakinta.

Juma'a mata biyu daga cikinmu suka zauna da yaran, ni da Mama muka kama hanya. Gosulo ya riƙe mu a Mararraba har na fara ganin an wuce sunanmu, wayata sai ƙara take yi. Da ƙyar muka sami tasi zuwa Wuse. Muna isa ƙofar otal ɗin da ake bitar, maigadi ya dubi Mama, da ɗaurin zanenta da silifa, ya ce ba ta da katin shiga. Ina cikin roƙonsa sai ga Madam ta fito da gudu.

"Oga, buɗe ƙofa! Wannan shi ne malamin mu na yau!"

Ɗakin cike yake da shugabannin ƙungiyoyi da manyan ma'aikata. Na yi gajeren bayani, na miƙa wa Mama makirfo. Ta juya shi ta duba, ta hura, ɗaki ya ɗauki ƙara, aka yi dariya, ita ma ta yi. Sannan ta fara. Ba ta ce talauci ba ko sau ɗaya. Labarin uwaye ta bayar ɗaya bayan ɗaya, wadda aka kora daga aiki don ta makara, wadda take kulle yara a ɗaki ta tafi kasuwa gabanta na faɗuwa. Wani Alhaji cikin alƙalan da za su zaɓi ƙungiyoyin, babban ma'aikaci ne a wata ma'aikata, ya cire tabarau ya ce, "To Mama, me kike so a yi miki?"

"Rufi wanda ba ya yoyo, da wasu hannu ban da nawa. Keke kam kar ku kawo, yara za su sa yatsa a allura."

Ɗaki ya ruɗe da dariya da tafi, mutane suka miƙe tsaye. Da aka zo kiran ƙungiyoyin da suka yi nasara, tamu ce ta biyu. Ban san lokacin da na kama Mama muka shiga rawa a gaban manyan mutane ba, mayafina har ƙasa.

Kafin damina ta gaba an gina ɗakuna biyu a wurin rumfar. Uku daga zawarawanmu aka koya musu kula da yara da taimakon gaggawa, suka zama ma'aikata a ƙarƙashin Mama. Yarinyar nan mai raino ta koma aji, kuma ba ita kaɗai ba.

Abin da na koya shi ne, zama kusa da mutane bai sa ka san damuwarsu ba sai ka rufe baki ka saurara. Kuma sau da yawa akwai wanda ya riga ka fara aikin a cikinsu, ba takarda, ba suna. Tun daga lokacin, duk unguwar da na shiga ba na fara tambayar me suka rasa. Tambayata ita ce, wa yake riƙe da su, don in je in kama masa.